Ga mai son sayen V-boot: ka samu bakanike kafin ka nemi dillali

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa da ka ce an yi maka tayin tsohuwar Marsandi 230E a Kano, kana so ka zuba kuɗin riɗinka ka kawo ta ƙauye, kana tambaya ko za ta riƙe ka, wallahi ina karanta maganarka sai da gabana ya faɗi. Irinta ce a ƙofar gidana yanzu haka a nan ƙasar Kazaure, V-boot ƙirar 1988, kuma na san wannan son. Wanda bai taɓa rufe ƙofarta ya ji wannan sauti mai nauyi ba, ba zai gane abin da ke jan mu ba. Don haka ni ba zan ce maka kar ka saya ba. Motar ba ta da laifi. Mutanen da za ka miƙa wa ita su ne abin tsoro.

Kafin ka biya ko sisi, ka tambayi kanka wa zai riƙa taɓa maka ita. Injin 230E ba kafireta gare shi ba, injekta ce irin ta da, ta kamfanin Bosch, wadda ake kira KE-Jetronic. In ka ɗaga murfin filtar iska za ka ga wani faifai, da wani kan ƙarfe mai siraran bututai huɗu, shi ke raba wa kowace silinda mai. Yaran garejin yanzu sun saba da Golf da Corolla, in sun ga wannan sai su hau murɗa sukurori da ka. Nan ne aka cuce ni.

Tawa ta fara rawa ne in tana tsaye, da safe kuma sai an daɗe ana kik. Na kai wa wani bakanike da mahaifinmu ya sani tun yana yaron gareji, mutumin da yake cin tuwo a gidanmu, wanda nake gaisarwa da girmamawa ina ce masa Baba. Ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce injektar nan ta mutu, ba ta gyaruwa, man ƙasar nan ba ya yi mata, a cire a sa kafireta kowa ya huta. Har da rantsuwa. Ya kwance kan raba man, ya kwance famfon mai na ƙarƙashi, ya ɗaura wata kafireta da Allah kaɗai ya san daga jikin motar da ya ciro ta, ya cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, ya ce ƙasarmu zafi ne da ita ba ta buƙata. Da na ce ina kayana na asali, sai ya ce ai bola ne, yara sun zubar.

Ranar da ba zan manta ba, cikin damina ne, jikin Hajiyarmu ya tashi da daddare, numfashi yana yi mata wuya, aka ce mu wuce Kano. Mun bar Kazaure, ba mu kai Ɗambatta ba, mota ta fara shaƙewa, ta yi ƙara a salansa, ta mutu. Warin fetur ya cika ciki. Ruwa ake yi, ba gida kusa, ƙanwata na baya ta rungume Hajiya tana salati tana kuka. Na buɗe bonet da tocilar waya, na ga mai yana tsiyaya daga tiyon roba da ya ɗaure da waya, yana ɗiga kusa da ƙarfen salansa mai zafi. Da wuta ta tashi fa? Da uwata a ciki? Na tsaya a tsakiyar titi ina ɗaga hannu, motoci suna wucewa, kuma ban ga laifinsu ba, dare ne, kowa tsoron ransa yake yi. Sai wani bawan Allah mai a-kori-kura da ya ɗauko buhuna ya tsaya, ya sauke yaronsa ya koma baya cikin ruwa, ya sa Hajiya a gaba. Allah ya saka masa da aljanna. Hajiya ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Na kira bakaniken nan a daren ya fi a ƙirga, bai ɗauka ba. Da gari ya waye ya ce ai mota ƙarfe ce, ƙaddara ce. Bai zo duba ta ba, bai ce sannu ba. Daga baya yaronsa da kansa ya faɗa min cewa kayana ba a zubar ba, sayarwa ya yi wa wani da kuɗi mai kauri. Har yau muna haɗuwa a wurin jana'iza da ɗaurin aure, yana miƙo min hannu kamar ba abin da ya faru. Ina karɓa saboda Allah, amma na bar shi da Allah, ban yafe ba tukuna.

Abin da ya ƙara ƙona min rai, da na samu wani dattijo a Kano da ya tsufa a kan Marsandi, yana jin labarin ya ce rawar da take yi tun farko galibi ba ta wuce wata 'yar rile (makunnin lantarki) da ke bayan batir ba, mai fis a kanta, ko tiyon iska da ya tsage, ko filtar mai da ta toshe. Abin da ba ya cin kuɗin buhun gero. Sai da na yi ta zarya kasuwar Ƙofar Ruwa ina haɗa kayan injekta na hannu ɗaya bayan ɗaya, wani ma sai da aka aiko daga Ladipo a Legas. Saboda haka in ka buɗe wadda aka yi maka tayi ka ga kafireta a kan 230E, ka san an riga an taɓa lafiyarta, ko dai a rage kuɗi sosai ko ka haƙura.

Kar fenti ya ruɗe ka. Ka tafi da mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifika ne, ka nannaɗe shi a ƙyalle ka bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi. Inda bai kama ba, ciko ne. Ka sa a hau da ita rami, ka duba ramukan da ake sa jak guda huɗu, ka ɗaga kafet, ka ciro safaya taya ka ga ƙarƙashinta. Yawancin motocin nan ta Kwatano suka shigo bayan sun sha gishirin da Turawa ke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa ta ciki take ci. Inji ana sakewa, jiki in ya ruɓe shi ke nan. Ka je da sassafe kuma, ka ce kar a tayar kafin ka zo, ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi. Dillali ya fi son ka same ta da ɗumi.

Ba ka faɗi shekararta ba. Ko ta wace shekara ce, ka lanƙwasa wayoyin kan inji ka gani, tsohuwar robar waya takan marmashe da zafi, kuma ka san zafinmu na bazara. Lambar shasi ta 230E da WDB124023 take farawa. Ka karanta ta a jikin ƙarfen da idonka, ka gwada da takardar kwastan, kar ka yarda da “za a kawo takardu gobe”.

Sai maganar hanya, wadda ita ce ta fi damuna da ka ce ƙauye. Tayoyin baya ne ke jan ta, ga nauyi, ga ta ƙasa-ƙasa. Yashin Jigawa ba ya raga mata. In daga kwalta zuwa gidanku akwai rairayi ko burtali mai kwazazzabo, za ka riƙa neman matasa su tura, kuma hannuwan ƙafar baya biyar ne a kowane ɓangare, kowanne da robarsa, gargada na cinye su. Ni da damina a gidan wani aminina a bakin titi nake ajiye ta, in ƙarasa da babur.

Mai kuwa, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, cika tankinta mai lita 70 ya zama abin da sai ka yi shawara da aljihunka. Kuma don Allah ka guji man galan na 'yan bumburutu. Datti kaɗan ko ruwa ya ishe shi ya kashe kan raba mai. Da hunturu ka riƙa kakkaɓe filtar iska, ƙura na zama a kan faifan nan.

Wani abu da ba wanda ya faɗa min: ranar da tauraron Marsandin nan ya tsaya a ƙofar gidanka, gari ya gama yanke hukunci cewa ka yi kuɗi. Kowace amarya da ita za a kai, kowane mara lafiya kai za a tasa da tsakar dare, kuma ba mai tambayar ko akwai mai a ciki. Na asibiti ba na ƙi, na san abin da na gani a hanyar Ɗambatta. Amma mukulli ba na bayarwa, ko ƙanina ne, an yi fushi da ni a kan haka har an gaji. Masu rance ma za su ƙaru, har wanda ya fi ka shanu.

Kuɗin riɗin nan kar ka juye shi duka. In abin da ke hannunka iyakar kuɗin motar ne, ka jira kaka mai zuwa, don wata na farko sai ka sake baƙin mai da man giya da filtoci da tayoyi, ga taki yana jiranka. Ka mayar da tamostat in an cire. In ka tsayar da ranar zuwa dubawa ka yi min magana ta akwatin saƙo, zan haɗa ka da dattijon nan ku tafi tare, ka biya shi kuɗin yininsa, kuma kar ka bari dillali ya keɓe da shi.