Kumburin kan yarona ya ƙi jin magani

TAMBAYA: Salam likita, dan Allah a taimaka min. Yarona ɗan shekara 7 ne wani abu ya fito masa a ka, da farko kamar kora gashin wajen ya zube, yanzu kuma ya kumbura yayi luɓus yana fitar da mugunya ta ƙananan ramuka, ga kaluluwa a bayan wuya. Munje kemis an bashi ampiclox ya shanye ba canji, kakarsa tace a kira wanzami ya tsaga. Ya zanyi? Maman Abba daga Gusau

AMSA: Wa alaikumussalam Maman Abba, Allah ya bashi lafiya. Abu na farko kar ki bari a tsaga, wallahi ba maruru bane. Yadda kika kwatanta yafi kama da abinda muke kira kerion, wato kora ce ta shiga har saiwar gashi jiki ya tashi yaƙi da ita da ƙarfi shine wajen ya kumbura haka. Ƙwayar fungas ce ke kawo shi shi yasa ampiclox bai taɓa shi ba, kuma in aka sa aska banda azaba da tabo ba abinda yaron zai samu.

Ki kaishi wajen likitan fata ko na yara, za'a kankare ɗan ɓawon wajen a cire gashi kaɗan a duba a madubin lab, in har shuka ƙwayar akayi, wato renon ta a lab don a gane irinta, sakamako kan ɗauki mako 2 zuwa 4 amma ba'a jira, ana fara magani.

Maganin na sha ne, man shafawa baya kaiwa saiwar gashi. Yawanci griseofulvin ake badawa kullum na mako 6 zuwa 8 gwargwadon nauyin yaro, a sha bayan abinci mai maiƙo ko da madara don jiki yafi ɗaukarsa. Anan iyaye suke karaya, da kumburi ya saɓe sai a daina, kwana kaɗan abu ya dawo. Mayukan nan masu haɗin uku da ake sayarwa a kemis kuma akwai sitiroyid a ciki, ƙara wa fungas ƙarfi suke, man birki da wasu ke shafawa ƙona fata kawai yake.

A duba kan 'yan uwansa, kowa ya riƙa wanke kai da shamfu na ketoconazole sau biyu a mako, kowa ya zama da nasa hula da matashi da mataji, ki sai masa kilifa tasa. In akwai mage ko maraƙi mai zubar gashi a gidan a nuna wa likitan dabbobi. Gashi yakan dawo in an kama da wuri, don haka kije cikin satin nan.