Filin Tambaya da Amsa: Wa zai biya kuɗin gyaran filin da guba ta ɓata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Maradi. A bayan unguwarmu akwai filin da aka daɗe ana fasa tsofaffin baturan mota a cikinsa, ana kuma zubar da baƙin mai, har ƙasar wurin ta daina fitar da ciyawa ko da damina. Masu sana'ar sun tashi, yanzu yara ne ke buga ƙwallo a wurin, kuma ana raɗe-raɗin za a yanka shi filayen gidaje. Mun kai kuka inda ya kamata, aka ce babu kuɗin irin wannan aiki. Na ji cewa a wasu ƙasashe gwamnati tana ba ƙananan hukumomi tallafi domin haka. Shin gaskiya ne, kuma mu ta ina za mu bi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika ji gaskiya ne, kuma Amurka tana cikin ƙasashen da tsarin ya daɗe da kafuwa. Asalinsa wata unguwa ce mai suna Love Canal a jihar New York, inda aka gina gidaje da makaranta a kan ramin da wata masana'anta ta binne dubban tan na sinadarai, har gubar ta riƙa ɓullowa cikin gidaje, aka kwashe iyalai daga wurin a 1978. Wannan ne ya haifar da dokar Superfund ta 1980, wadda ta shafi wuraren da suka fi muni. Daga baya aka lura cewa birane cike suke da ƙananan wurare, kamar tsofaffin gidajen mai da garejoji, waɗanda kowa ke gudunsu saboda zargin gurɓata, sai Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar ta buɗe musu shiri na daban a 1995, aka ƙarfafa shi da doka a 2002, sannan a 2021 aka ƙara masa dala biliyan 1.5.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne yadda aka raba tallafin. Akwai kuɗin awo, wanda ake ba ƙaramar hukuma domin ta gano abin da ke cikin ƙasar da kuma yawansa, akwai kuɗin gyara, akwai kuma asusun rance da take juyawa daga wannan fili zuwa wancan. Kafin ta samu kuɗin gyara, dole ne filin ya zama mallakinta, kuma ya kasance ba ita ce ta ɓata shi ba, sannan bisa al'ada takan sa kashi 20 cikin 100 daga aljihunta. Hikimar ware kuɗin awo ita ce babu mai ba da tallafi da zai saki kuɗinsa a kan "an ce", kuma hukumar da ba ta da ƙarfi a kan kuɗin awon take fara cijewa.

A nan Nijar, dokar muhalli mai lamba 98-56 ta watan Disamba 1998 ta ɗora nauyin gyara a kan wanda ya yi ɓarnar, amma masu fasa batur da suka watse ba su da dukiyar da za a kama, saboda haka nauyin yakan koma kan hukuma. Hanyar da gwamnati ke tura wa ƙananan hukumomi tallafi ita ce hukumar ANFICT da aka kafa a 2008. Ba a keɓe kuɗinta domin guba ba, suna bin ayyukan da gari ya rubuta cikin tsarinsa na ci gaba ne, don haka filin da bai shiga wannan takarda ba da wuya a tuna da shi ranar rabo. Akwai kuma Asusun Muhalli na Duniya, wanda ke tallafa wa ayyukan kawar da sinadarai masu haɗari, sai dai manyan ayyukansa ta hannun gwamnatin ƙasa suke bi, ƙananan tallafinsa ne kawai ƙungiyoyin al'umma ke iya nema.

Shawarata ita ce ku rubuta takarda da sa hannun mai unguwa da iyayen yara, ku kai wa kantoman gari da reshen ma'aikatar muhalli na jihar Maradi, ku riƙe kwafi mai hatimi. Ku nemi abu biyu a cikinta, wato a auna ƙasar wurin, kuma a dakatar da yanka filin har sai sakamako ya fito. Akwai na'urar hannu da ake ɗorawa a kan ƙasa ta nuna yawan dalma, wato ƙarfen nan mai guba da ke cikin baturan mota, nan take, kuma ya dace ku tuntuɓi malaman kimiyya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su ba ku shawara a kan awon.

Ina roƙon kada ku yi sanyin jiki, domin maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da jinkiri ke jawowa. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a can. An gyara wasu ƙauyuka da wuri, amma garin Bagega ya jira har 2013 kafin gwamnatin tarayyar Najeriya ta saki kuɗin aikin, kuma duk tsawon jiran likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF ba su iya fara yi wa yaran garin magani ba, saboda yaron da aka wanke wa jini idan ya koma wasa a kan ƙasar nan gubar za ta sake shigarsa. Dalma ba ta ruɓewa, tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro tun kafin a ga wata alama a jikinsa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a kira marar illa.

TAMBAYA: Wani dattijo daga wata unguwa mai irin wannan matsala yana tambaya ko matasa za su iya share wurin da aikin gayya, tunda kuɗin hukuma ba su da rana.

AMSA: Baba, Allah ya saka wa matasan da alheri, amma kada su sa tsintsiya ko shebur a wurin, domin ƙurar da za ta tashi ita ce hanyar da gubar ta fi shiga jiki. A Zamfara an kankare saman ƙasar ne, ma'aikata suna sanye da kayan kariya, aka kai ta ramin da aka tanada aka binne, sannan aka shimfiɗa sabuwar ƙasa mai tsabta. Gayyar da za ta yi amfani ita ce a kewaye filin da ƙaya ko waya, a nema wa yara wani wurin ƙwallo, a hana dabbobi kiwo a ciki, a kuma sanar da masu amalanke cewa kada su ɗebi ƙasar wurin su kai gona da sunan taki, ko a buga tubalin gini da ita.