Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan littafin Joel Osteen

Salama gare ka ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya: ka sayi Your Best Life Now a gosulo wajen Ojota, ka kai rabi ya ratsa ka, sai wani dattijo a majami'arku ya ce ka jefar da shi, kai kuma har ka fara tunanin ku ɗauke shi a zumuntar matasa. Na bari sai da na rufe shago tukuna, don maganar ba ta layi biyu ba ce. Sau uku na karanta littafin nan, kuma kowane karo da halin da ya same ni a ciki.

Ka fara sanin daga inda ya fito. A 2004 aka buga shi a Amurka. Marubucin fasto ne na majami'ar Lakewood a birnin Houston, ya gaji mahaifinsa John Osteen da ya rasu a 1999, kafin nan kuwa shekara 17 ya yi a bayan kyamara yana shirya wa mahaifin nasa wa'azin talabijin. Wannan ya nuna a rubutunsa ƙwarai: gajerun jimloli, labari kan labari, ba ya barin mutum ya gaji. A 2005 suka koma wani tsohon filin ƙwallon kwando mai cin mutum wajen 16,000. Matakai 7 ya jera: ka faɗaɗa hangenka, ka daina raina kanka, ka kula da tunaninka da furucinka, ka saki abin da ya wuce, ka nemi ƙarfi cikin wahala, ka zama mai bayarwa, ka zaɓi farin ciki. Iyakar littafin ke nan, sauran shafi wajen 300 ɗin duk juya waɗannan ake yi kamar waina a tanda.

Ni daga wani ƙauye kusa da Malumfashi na zo Legas a 2009. Aikin gadi na fara a Surulere, kuma ɗan maigidan ne ya ba ni littafin da zai koma makaranta. Turancina a lokacin na firamare ne, amma na iya bi, don ba ya jibga manyan kalmomi. Wannan ma abin yabo ne. Da shi na koyi karanta Turanci ba tare da na bi layi da yatsa ba.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne mataki na biyu. Kai ma Bahaushe ne Kirista a Ikko, ka san abin da nake nufi. A titi kai "aboki" ne, ba wanda ya damu da sunanka. Ka shiga majami'ar Yarbawa, mai tsaron ƙofa ya tare ka yana tambaya ko saƙo aka aiko ka. Ka je Agege ko Idi-Araba cikin 'yan'uwanmu, da an ji sunanka na baftisma sai a sake dubanka, a ce ashe. Shekara uku ina kwana a ɗakin ƙofa, har na yarda cewa buɗe get shi ne iyakar abin da Allah ya halicce ni dominsa. Sai ga wani yana maimaita mini shafi bayan shafi cewa cikin kamanin Allah aka yi ni. Maganar tana nan a Farawa 1:27 tun da can, an karanta mana a makarantar Lahadi, amma ba wanda ya taɓa nanata mini ita har ta zauna. Daga nan na fara adashi. Sashen sakin abin da ya wuce kuma shi ya sa na ɗaga waya na kira ƙanen babanmu da ya riƙe mana gona bayan rasuwar tsoho, bayan shekara shida ba ma ga maciji. Gonar ba ta dawo ba har yau, amma barci ya dawo mini. Don haka duk wanda ya ce maka babu komai a littafin, ina jin bai taɓa shiga matsi a rayuwa ba.

Karo na biyu ina okada. A nan ne na fi shan sashen furuci da tagomashi, na riƙa tashi da asuba ina cewa tagomashin Allah na gabana yana bayana. A watan Fabrairu 2020 gwamnatin jiha ta hana okada a ƙananan hukumomi 6, har da Surulere da Ikeja da Apapa, aka ɗan sassauta, sannan daga 1 ga Yuni 2022 aka dawo da dokar da ƙarfi. Kowa ya ji, ni ma na ji. Abokan aikina suka koma Ikorodu da wajen Ogun, wasu suka loda baburansu a tirela suka yi gida. Ni kuwa na ce dokar ba ta shafi mai tagomashi ba. Sati na uku aka karɓe babur ɗin, wanda ban gama biyan bashinsa ba. Ba na ɗora wa kowa laifin nan, in kunne ya ji jiki ya tsira, nawa kunnen ne ya ƙi. Na kawo shi ne don ka ga yadda mutum mai neman abin da zai ji daɗi yake karanta irin wannan littafi, ya tsallake Luka 14:28 inda Yesu ya ce mai gina soro ya fara zama ya yi lissafi.

Yanzu ga inda na ga ramin littafin kansa. Akwai wurin da yake ba da labarin samun wurin ajiye mota kusa da ƙofar kanti a matsayin alamar tagomashi, da kuma yadda matarsa Victoria ta ga wani katafaren gida ta ce wata rana za su zauna a irinsa, kuma suka zauna. To madalla. Amma ka karanta wannan a cikin danfo daga Oshodi zuwa Mile 2, gwiwarka a bayan wani, kwandasta na rigima da 'yan agbero. Mutumin yana rubutu ne ga wanda ke da aiki da mota da wutar lantarki, abin da ya rage masa ƙarfin zuciya ne kawai. Mu da mai gida ke neman kuɗin shekara gaba ɗaya, ga na ejan ga na yarjejeniya, ga tsadar man fetur tun Mayu 2023, ba duk matsalarmu ce ke zaune a cikin kai ba. Littafin bai san da wannan ba, kuma idan ka ɗauke shi da gaske za ka ƙare kana zargin kanka a kan abin da ba kai ka jawo ba.

Wanda ya fi damuna shi ne batun ciwo. Ya ba da labarin mahaifiyarsa Dodie, wadda likitoci suka ce tana da ciwon daji na hanta a 1981, sauranta 'yan makonni, ta dage da addu'a da furta ayoyin warkarwa, ta rayu. Ban ƙaryata ba, Allah mai iko ne, kuma Karin Magana 18:21 ta ce mutuwa da rai suna hannun harshe. Sai dai na taɓa zaman makoki a gidan wata 'yar'uwa a zumuntar mata da ɗanta mai sikila ya rasu yana shekara tara. Matar nan ta yi azumi har ta rame. A wurin zaman na ji wata tana raɗa cewa ai da bakinta ta jawo, wai kullum tana cewa yaron ba shi da lafiya. To me za ta ce, tana ɗauke da shi a bayanta zuwa asibiti? Marubucin bai ce a faɗa wa mai makoki haka ba, amma koyarwar da ta ɗora komai a kan furuci, can take gangarawa in ta shiga bakin mutane. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce alherina ya ishe ka. Irmiya 29:11 da muke mannawa a jikin keke, wasiƙa ce ga mutanen da aka kwashe zuwa Babila, kuma aya ta 10 ta ce sai sun yi shekara 70. Filibiyawa 4:13 daga kurkuku aka rubuta ta, ayar da ke gabanta kuwa maganar ƙoshi da yunwa take yi.

Ka tuna kuma ta wannan gari bishara ta nufi ƙasarmu. A Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shiga arewa. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Kent a Bida, Gowans a Girku, daga baya Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Daga aikin nan ƙungiyar mishan ta SIM ta tsaya, daga ita majami'ar ECWA ta fito. Na nemi inda zan ajiye Gowans da Kent a cikin matakai bakwai ɗin nan, ban samu ba. Zunubi da tuba da gicciye ma sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ci karo da su, ina jin abin da dattijon naku ya hango ke nan, ko da yake jefarwar ta yi yawa.

Game da zumuntar matasa, ni ba zan sa shi a madadin nazarin Littafi Mai Tsarki ba. In kuna so, ku ɗauki sashen raina kai da na yafiya, mako biyu sun isa, kowace aya da ya ambata ku buɗe ta a Hausa ku karanta biyar a sama biyar a ƙasa, ku ga ko abin da ya ce shi ne abin da ke wurin. Ku gaya wa fasto tukuna, ku kuma gayyaci dattijon ya zauna, in ya so ya yi gardamarsa a gabanku.

Karo na uku da na karanta shi bara ne, a shagon albasa da tattasai da nake riƙewa yanzu a Mile 12, da jan biro a hannu. Inda na yarda na ja layi, inda ban yarda ba na rubuta ayar da ta sa a gefe. Kwafin ya sha mai da ƙura amma yana karantuwa. In kana so ka gwada da naka, ka yi mini magana ta gefe, in kawo maka ranar Lahadi bayan sujadar Hausa.