Motar rimot da ciwon boris: amsoshin wannan makon

Wata uwa daga Idi-Araba a Legas ta rubuto hankalinta a tashe. Kawun yaronta ya kawo masa motar rimot, ranar da aka yi ruwa yaron ya bi da ita cikin taɓo, yanzu tayar baya sai ƙara take ƙiii ƙiii, yaro ko abinci ya ƙi ci. Ta lalace kenan?

Hajiya kwantar da hankalinki, ba ta mutu ba. Boris ne ya sha ruwa da yashi. Ki cire batir tukuna, a kwance tayar, za ki ga ɗan zoben ƙarfe a inda take juyawa, shi ne boris ɗin. A goge shi da busasshen tsumma a juya da yatsa, in yana tafiya sumul ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya isa, in kuma yana gurzawa kamar da tsakuwa a ciki sai a canja shi kawai. Jikin motar a bar taɓon ya bushe, tsohon buroshin haƙori zai kakkaɓe shi. Ki lallaɓa shi ya ci abinci.

Wani daga Agege yana tambaya ko ya kai tasa wajen wankin mota a fesa mata ruwan inji, tunda a kwalin an rubuta ruwa ba ya shiga.

Haba malam. Abin da ruwa ba ya shiga shi ne kayan lantarkin ciki, ba boris ba. Wannan ruwan mai ƙarfi zai tura datti ya wuce murfin boris ɗin, ya wanke giris ɗin ciki, ga danshin Legas, kwana biyu tsatsa ta kama. Mai son kai tasa bakin teku Elegushi ma amsarka kenan, gishiri ya fi ruwan sama ɓarna.

Sai kuma masu WD-40, man fesawan nan na gwangwani mai sassauta tsatsa, ku ne kuka fi ba ni ciwon kai. Mutum ya ji ƙara ya fesa, ƙarar ta ɗauke ya ce ya gyara, alhali giris ɗin ya narke ya fita, bayan sati boris ya bushe ƙayau. Wani ma da fetur ko kananzir yake wankewa, wani ya je wajen mai faci a hura iska boris yana juyawa a guje ba mai a ciki. Sannan in ya mutu, mutumin da ya zuba kuɗin buhun shinkafa a mota shi ne zai tsaya cinikin boris mafi araha a kasuwa, ko lamba bai sani ba, wai “a ba ni irin na motar yara”. Wallahi wannan ɓarnar kuɗi ce. Ka ɗauki tsohon a hannu ka je da shi, ko ka auna, da yawa daga motocin nan 5x11x4 suke ci, wato faɗin ramin ciki, faɗin waje da kauri a milimita, amma ba duka ba. Mai murfin roba ana rubuta masa 2RS, shi ya fi tare ƙura da ruwa, mai murfin ƙarfe ZZ ya fi gudu amma yashi na shigarsa. A titunanmu mai murfin roba za ka nema. Kuma jabu ya cika gari, ni kaina na taɓa sayen guda goma a wani shago, fakiti mai kyau, na ɗaga murfin ɗaya da allura ko ɗigon giris babu. Ka juya shi kusa da kunnenka kafin ka biya, in ya yi ta gudu yana shiii ba ya tsayawa, busasshe ne, ajiye musu kayansu.

Mai tambaya daga Mile 12 kan batir LiPo, irin mai cajin nan na motar rimot, da ya kumbura: kar ka sake sa shi a caji, kar ka huda shi, fitar da shi daga ɗaki yau ɗin nan.