Wa kuka cuta, ka ce?

Ɗana,

Saƙonka ya iso. Na karanta, na goge tabarau, na sake karantawa, har uwargidana ta tambaye ni me nake wa murmushi. Na ce mata ɗanki ne ya zama lauya. Ka ce kai da yarinyar nan kun yi alkawarin aure, iyaye sun sani, fasto ya sani, saura wata 6. To in kun san juna a matsayin miji da mata tun yanzu, wa kuka cuta? Har ka ƙara da cewa maganar tsarkin jiki al'adar tsofaffi ce da aka lulluɓe da ayoyi. Murmushin bai daɗe ba, don na san mutum ba ya yin irin wannan tambaya sai abin ya matso kusa.

Ba kai ka fara ba, mutanen Korinti sun riga ka. Birni ne na jiragen ruwa da fatake, kowa da abin da ya kawo shi. Manzo Bulus ya yi shekara 1 da wata 6 yana koyarwa a can, duk da haka bayan tafiyarsa sai ga masu bi suna cewa an halatta musu kome, abinci don ciki ne, ciki kuma don abinci. Wato sha'awa yunwa ce kawai, in ta taso a biya ta. Duba amsarsa a 1 Korintiyawa sura 6. Bai tsaya kan abin da mutane za su ce ba. Ya ce jiki na Ubangiji ne, haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, wanda ya haɗu da mace sun zama jiki ɗaya, kuma ku ba mallakar kanku ba ne, saye ku aka yi da tamani.

Amma bari in ba ka labarin daren da abin ya shige ni, don ba a takarda na fara gane shi ba.

Muna samari, akwai wani dattijo a ikkilisiyarmu da idonsa ya yi rauni, sai ya sa yaro ya karanta masa, shi kuma ya yi bayani. A wani taron matasa aka ce zai yi mana magana kan zaman tsarki. Duk mun ɗauka labarin Yusufu da matar Fotifar ne, wanda muka haddace tun muna makarantar Lahadi, har wasu sun fara hamma. Sai ya miƙo mini Littafi ya ce in buɗe 2 Sama'ila sura 13. Na fara karanta labarin Amnon ɗan Dauda, wanda son Tamar ya kwantar da shi har ya rame, da abokinsa Yonadab mai wayo da ya ba shi shawarar ya yi ciwon ƙarya. Muryata na rawa, don ban taɓa jin an karanta wannan wuri a bainar jama'a ba. Da na iso aya ta 15, inda aka ce bayan ya biya buƙatarsa ƙiyayyar da ya yi mata ta fi son da ya yi mata a dā, dattijon ya ɗaga sandarsa ya ce, "Maimaita." Na maimaita. Ya ce in ci gaba. Na karanta inda Amnon ya kira baransa ya ce a fitar masa da wannan mace, a kulle ƙofa. Tsohon ya yi shiru har muka zaci ya manta da mu. Can ya ce, "Da safe sunanta Tamar. Kafin rana ta faɗi ta zama wannan mace."

Na san za ka ce ai wannan fin ƙarfi ne, ba irin naku ba. Gaskiyarka, dattijon ma ya faɗi haka. Sai dai a bencin baya akwai wata yarinya da ke ƙarƙashin horo, an hana ta Jibin Ubangiji saboda cikin da ta yi. Ita ma alkawarin aure ne a tsakaninsu, kowa ya sani. Saurayin ya ce ba nasa ba ne, yana nan zaune cikin mawaƙa da rigarsa a goge. Ta tashi ta fita tana share fuska da gefen mayafi. Dattijon bai gan ta ba, amma ya ji takunta. Ya juyo ɓangaren maza ya ce ranar da aka kawo wa Yesu macen da aka kama cikin zina, ita kaɗai aka jawo, ina namijin ya shige? Babu wanda ya yi tari. Har yau ina ganin hukuncin da aka yi wa yarinyar nan rabin gaskiya ne, kuma in akwai abin da zan yarda da kai cewa al'adar mutane ce kawai, to wannan ne.

Mahaifina, kakanka, yakan ce alkawari kaya ne, amma wanda ya ɗauka bai kai ba tukuna. Kakarka kuwa ba ta da dogon zance, sai ta ce sauri ya haifi nawa. Ba zan tsorata ka da ciki ko cuta ba, kun fi mu sanin hanyoyin kauce musu. Abin da ya tsaya mini shi ne 1 Tasalonikawa sura 4, inda Bulus ya ce nufin Allah shi ne tsarkakewarmu, kowa ya san yadda zai mallaki jikinsa da daraja, sa'an nan ya ce kada wani ya cuci ɗan'uwansa a wannan al'amari. Ka ga shi yana ganin akwai wanda ake cuta. Ita 'yar'uwarka ce cikin Almasihu kafin ta zama matarka, kuma yau ba ka da tabbacin gobe.

Ina tausaya muku, ba zan ɓoye ba. Mu a zamaninmu sai mutum ya taka da ƙafarsa ya je inda jaraba take. Yusufu ya bar rigarsa a hannun matar ya ruga waje, bai tsaya muhawara ba. Ku kuwa matar Fotifar tana cikin aljihunku, kuna kwana da ita a gefen matashi, kuna hira har asuba, sa'an nan ku yi mamakin yadda wuta ta kama. Yesu ya ce daga kallo abin yake farawa. Mu iyaye ma da namu laifin, muna ta jan ranar aure don biki ya ƙayatar, yara suna ƙuna.

In kuma abin ya riga ya faru ne kake neman bakina, kada ka ɓoye. Dauda ya yi abin da ya fi wannan muni, addu'arsa ta tuba tana nan a Zabura 51. Ka zo mu yi magana, kada ka aiko a rubuce. Bulus ɗin nan dai shi ya ce gara aure da ƙuna da sha'awa, saboda haka zan sami mahaifinka in ji dalilin da ya sa sai wata 6. In ba wani ƙwaƙƙwaran dalili, a matso da ranar. Ka gaida ita.

Kawunka