Hajiya, kafin babban inji, ina sikelinki?

Wata baiwar Allah ta rubuto mini daga Makka. Ta ce tana da ƙaramin injin soya gahawa mai cin giram 250 a zubi ɗaya, a kicin take suyar, ta niƙa, ta haɗa da hel (ƙwayar ƙamshin da ake sa wa gahawa), ta sayar wa maƙwabta da masu biki a wajen Shari'u Mansur. Kilon ɗanyen Harari, wato gahawar Harar ta Habasha, riyal 40 take saye, ta sayar da soyayye riyal 60. "Ciniki na tafiya, amma kuɗi ba sa taruwa." Ƙanwar mijinta ta ba ta shawara ta kwashi adashinta, riyal 12,000, ta sayi babban inji kafin aikin Hajji, su yi ta sayar wa alhazan Najeriya tsaraba. Tambayarta ita ce wane inji ya fi.

Hajiya, ba zan faɗa miki wane inji ba. A duk wasiƙarki ban ga inda kika ce kin taɓa auna gahawa bayan ta fito daga wuta ba, kuma a nan kuɗinki ke zurarewa.

Ke a ranki ribar riyal 20 kike ci a kowane kilo. Ɗanyar gahawa akwai ruwa a jikinta, wuta na ƙone shi, ɓawon nan mai kama da ƙaiƙayi ya tashi. Nauyi kan ragu da kashi 12 zuwa 20 cikin ɗari, gwargwadon yadda suya ta yi duhu. Taki ta mutanen Saudiyya ce, mai haske, don haka raguwar ba ta kai ta baƙar suya ba, amma in an haɗa da fasassu da tsakuwar da kike tsincewa, mu ce kashi 15. Kilonki ya koma giram 850. Wato kilon soyayye ya tsaya miki a riyal 47, ba 40 ba.

Sai hel, wanda ya fi gahawar tsada nesa ba kusa ba. Ba ki faɗi nawa kike sa wa ba, na kuma tabbata da hannu kike ɗiba. Mu ƙaddara giram 100 a kowane kilo, mu ƙaddara kilonsa riyal 120. Gahawa giram 900 ta ci riyal 42, hel ya ci 12, an kai 54. Leda, takardar liƙawa, wutar lantarki, ki sa riyal 3. Saura riyal 3. Kafin ki haɗa wannan kilo ɗaya sai kin yi zubi biyar, kowanne da jiran inji ya huce, awa ɗaya da rabi ke nan kina shaƙar hayaƙi. Ban sa kanumfari ba, ban sa za'afaran ba, ban sa injin niƙa ba, wanda suya mai haske ke cinye wa haƙora da wuri saboda ƙwayar ta fi ta baƙar suya tauri.

Waɗannan lambobin nawa ne, na ƙiyasi. Naki na gaskiya suna iya fin haka kyau ko muni. Abin da ya dame ni shi ne ke ma ba ki san su ba.

Kuma wannan lissafin na gahawar da aka biya kuɗinta ne. Ina wadda aka kai gidan surukai? Ina gyaran da kike ƙara wa duk wadda ta ce "Hajiya, a ɗan cika mini"? Ina kilo uku da uwar amarya ta karɓa ta ce sai bayan biki, biki ya wuce har an yi suna? Ba na hana ki kyauta, zumunci ba wasa ba ne, balle a garin da ba a karɓar baƙo ba tare da dalla, wato butar gahawa, da dabino ba. Amma kyautar da ba a rubuta ba, kwana biyu sai ki ɗauka ɓarawo ne ya shigo. Kwalin dabino ɗaya na kyauta kina sane da shi. Rabin kilon gahawa sau shida a wata, ba ki sani ba, alhali ya cinye ribar kilo hamsin a lissafin da muka yi.

Na san wani bawan Allah a Jidda da ya yi abin da ake zuga ki ki yi. Yana suyarsa da ƙaramin inji, abokansa na yabawa, sai ya ci bashi ya sayo mai cin kilo biyar ya kafa a ɗakin haya. Abin da bai lissafa ba shi ne hayaƙi. Ƙaramin inji kana buɗe taga ka kunna fankar kicin, magana ta ƙare. Babba sai da bututu mai fita waje, sai da wayar wuta mai ƙarfi, sai da share ɓawo kullum, domin ɓawon nan in ya taru kama wuta yake yi. Maƙwabta suka kai ƙara, mai gida ya ba shi wa'adi. Kafin nan ya riga ya soye buhu guda ya niƙe gabanin azumi, wai kada kasuwa ta same shi bai shirya ba. Ɗanyar gahawa takan yi wata da watanni a ajiye ba ta canza ba. Soyayya makonni ne, niƙaƙƙiya kuwa ƙamshinta na fara gudu cikin kwanaki. Kafin Sallah kayansa sun koma gari mara ƙamshi. Da na tambaye shi nawa kilo ke tsaya masa, sai ya ɗaga kai sama yana ƙirga da yatsu.

Maganar alhazai kuma, don Allah a bar ta. Na san yadda ake yin wannan lissafin a zaure: Najeriya na da dubban kujeru, ko mutum ɗaya cikin ɗari ya saya an yi arziki. Alhajin Kano ko Sakkwato dabino yake nema, da zamzam, da darduma, da jallabiyar yara, kuma yana fama da kilon jirgi. In ya koma gida shayi zai dafa. Wanda zai sayi gahawa a cikinsu ga shaguna nan jere masu injin da ke soya buhu kafin ki gama zubi biyu. Tun da aka yi Shekarar Gahawar Saudiyya a 2022, aka kuma kafa kamfanin gahawa na gwamnati a shekarar, kowa ya shigo harkar da jari mai nauyi. A farashi ba za ki kayar da su ba.

Sannan da zarar kin fita daga sayar wa maƙwabta kin koma sayar wa jama'a, kin shiga hurumin baladiyya, wato hukumar gari, da hukumar abinci. In ke 'yar ƙasa ce, akwai rajistar iyalai masu sana'a a gida, ki bi ta. In igama gare ki, wato takardar zaman baƙo, kada wani ya ce miki "a sa da sunan wane". Wannan tasattur ne, wato baƙo ya yi kasuwanci a ɓoye da sunan ɗan ƙasa, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5.

Abin da kike da shi wanda babban shago ba shi da shi, shi ne kin san bakin kowace mai saye. 'Yar kudu tana son ta da haske sosai da citta, wanda ya zauna a arewa yana son ta ɗan yi duhu, kuma taki jiya aka soya. Wannan ake biya wa kuɗi. Amma shi ma ba ya yiwuwa sai da rubutu, domin in wadda ta saya wancan makon ta dawo ta ce "irin ta rannan", da me za ki maimaita? Da ido? Ido na ruɗi, musamman da dare a ƙarƙashin fitilar kicin.

Ki sayi ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, da littafi mai kauri. Kowane zubi ki rubuta nauyin da ya shiga, nauyin da ya fito, minti nawa ya yi, da lokacin da kika ji ƙarar fashewar farko da ƙwayar ke yi a wuta, in kin bari ta kai can. Ki auna hel, kada ki ƙara ɗiba da hannu. A bayan littafin ki buɗe shafi biyu, ɗaya na bashi, ɗaya na kyauta, da suna da rana. Ki daina niƙawa sai an yi oda. Bayan wata ɗaya ki zauna ki fitar da abin da kilo ke tsaya miki, ki ɗora ladan wahalarki na awa ɗaya da rabi, ki sa sabon farashi. Ina zaton zai kai riyal 75 ko 80. Wasu za su gudu, kuma mafi yawansu masu cin bashin ne.

In bayan wata uku littafin ya nuna kina mayar da oda saboda inji ya kasa, ki sake rubuto mini mu yi maganar mai cin kilo ɗaya, da kuɗin da gahawar ta tara, ba da adashi ba. Ƙanwar mijinki kuma, in ta matsa, ki ce ta kawo rabin kuɗin daga aljihunta, a rubuta a gaban shaidu biyu.