Karen gadi ya koma sakin fitsari a falo: hukuncin tsarki da haƙƙin dabbar

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah shi gafarta Malam. Ina da karen gadi da na raina tun yana ɗan kwikwiyo, ya saba yin kashi da fitsari can ƙarshen fili kusa da kwata, bai taɓa saɓawa ba. Bana muka tashi daga Mabera muka koma Arkilla a nan Sakkwato, yaron da ke ba shi abinci kuma ya tafi makarantar kwana. Tun sannan ya canza. Da hadari ya taso aka fara tsawa sai ya kutso falo yana karkarwa, ya saki fitsari har kan kafet. Uwargida ta ce sai an wanke wurin sau bakwai har da ƙasa, ta ma daina salla a falon. Ni kuwa ina zane shi da bulala, abin sai gaba yake yi. Hajiyarmu ta ce in kai shi daji in yar. Mene ne matsayin sallolin da aka yi a wurin, kuma ya zan yi da shi?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, fitsarin kare najasa ne, haka kashinsa. A mazhabar Imamu Malik fitsarin dabbar da ake ci, kamar akuya da saniya, mai tsarki ne muddin ba najasa take ci ba, amma na dabbar da aka haramta ko aka karhanta cinta najasa ne, kare kuwa bai fita daga ɗayan biyun nan ba. Jikinsa da gashinsa da yawunsa dai masu tsarki ne a wurinmu, domin duk mai rai mai tsarki ne. An ruwaito Malik yana mamakin yadda za a ci abin da kare ya kamo a farauta, kamar yadda aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta, sannan a ƙi yawunsa.

Uwargida ba ƙirƙira ta yi ba. Shafi'iyya suna wanke duk najasar kare sau bakwai, ɗaya da ƙasa, har da fitsarinsa. Sai dai hadisin wanki bakwai ya zo ne a kan ƙwaryar da kare ya sha ruwa a ciki, ruwayar Malik a Muwaɗɗa ma babu ambaton ƙasa. Shi ya sa Shehu Halil a Muhtasar ya taƙaita wanki bakwai ga mazubin ruwa da kare ya sa baki, ya ce mustahabbi ne kuma bauta ce kawai ba don najasa ba, babu ƙasa a ciki. Fitsari a kan daɓe ko kafet ana wanke shi kamar kowace najasa, ba a ƙirga adadi.

In tayil ne ko siminti, a tsane fitsarin da tsumma, a kwara ruwa. In ƙasa ce, a zuba ruwa mai yawa har ya rinjaye shi, kamar yadda Annabi (SAW) ya sa aka kwara guga ɗaya a inda balaraben ƙauye ya yi fitsari a masallaci, bai sa an haƙe wurin ba. Kafet kuma a zuba ruwa a tsane, a sake, har ruwan da ke fita ya daina canzawa. Matsewa ba sharaɗi ba ce, ɗan launi ko warin da ya ƙi fita bayan an yi ƙoƙari an yafe shi. Inda mata da yawa ke tuntuɓe shi ne ruwan Omo ko na Izal. Yana fitar da ƙazanta, amma ba ya ɗauke hukuncin najasa, don ya tashi daga ruwa tsantsa. A wanke da sabulun, a ƙarasa da ruwa zalla.

Wani zai ce ai ranar Sakkwato cikin ɗan lokaci ta busar da wurin. Hanafiyya sun ce ƙasa tana tsarkaka da bushewa, suna kafa hujja da maganar Ibnu Umar cewa karnuka suna kai da komo a masallaci zamanin Annabi (SAW) ba a yayyafa komai. Mashhurin zance a mazhabarmu sai da ruwa, guga ɗaya kuwa ba ya gagara.

Game da sallolin da suka wuce, wanda ya san inda fitsarin yake, ya yi salla a kansa da gangan alhali yana da ikon kaucewa, zai sake. Wanda ya manta ko bai sani ba, ya gane bayan sallama, zai sake ne in lokaci bai fita ba, in ya fita shi ke nan, kamar yadda duk wanda ya karanta Ahalari ya sani. Najasar da ke gefen kafet ba ta cutar da mai salla a ɗaya gefen, abin lura shi ne inda gaɓoɓinsa ke taɓawa. In ƙafa busasshiya ta taka wurin bayan ya bushe, ba ta ɗauki komai ba. In aka ga jiƙa aka rasa ruwa ne ko fitsari, ba a wajabta komai ba. A faɗa wa uwargida ta koma salla a falonta.

Riƙe karen kansa ya halatta. Hadisin Buhari da Muslim ya ce wanda ya ajiye kare ladansa na raguwa kowace rana da ƙiraɗi ɗaya, wato wani kaso na lada, a wata ruwaya biyu, sai karen farauta ko kiwo ko gona. Malamai irin su Ibnu Abdil Barr sun haɗa tsaron gida da waɗannan in akwai buƙata. Ibnu Abi Zaid, mai Risala, wanda ya rasu a 386 Hijira, ya rubuta cewa ba a ajiye kare a gidajen gari, amma masu sharhi sun kawo cewa da katangarsa ta faɗi ya ajiye kare, da aka tuna masa Malik ya ƙi haka sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Amma izinin na gadi ne, mazaunin mai gadi kuma ƙofa ne da tsakar fili. Hadisin cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da akwai kare ingantacce ne, kuma ko da malamai sun saɓa kan ko ya shafi karen da aka yi izini da shi, ban ga abin da zai kai shi falo ba.

Bulalar nan ita ta fi damuna a duk tambayarka. Ka daina. Dabba ba mukallafi ba ce, ba a rubuta mata zunubi, kai ne za a tambaya. Kalle shi lokacin da hadari ya haɗo: wutsiya a matse tsakanin ƙafafu, kunnuwa a kwance, yana haki ba gudu ya yi ba, yana neman lungun da zai cusa kai. Wannan tsoro ne, ba taurin kai ba. Ya rasa gidan da ya san warinsa, ya rasa yaron da ya saba da shi, ga tsawa. Kamar yaro ne da ya firgita ya koma fitsarin kwance, duka ba ya ƙara masa komai sai firgici. Kare kuma ba ya haɗa dukan yanzu da fitsarin da ya yi awa biyu baya, abin da yake koya kawai shi ne kai ma abin tsoro ne, har ya fara sakin fitsari da jin takunka. Allah ya gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishi, Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. Ka nemi gafara kan abin da ya wuce.

Abin da ya hau kanka yanzu, fara da likitan dabbobi, domin ciwon mafitsara ko na ƙoda ko ciwon suga duk suna sa kare ya kasa riƙe fitsari, musamman in ka ga yana shan ruwa fiye da da, ko yana yunƙuri ɗigo kaɗan ke fita. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a nan cikin gari. In ka je, a duba allurarsa ta haukan kare, wadda ake sabuntawa duk shekara. Sannan ka yi masa ɗan ɗaki mai rufi da inuwa a jikin katanga, a sa masa tsohon buhu ko tabarmar da ya saba kwanciya a kai, ya zama nan ce mafakarsa in an fara tsawa, a riƙa rufe ƙofar falo tun hadari na gabas. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin abincinsa a lokaci tsayayye. A kai shi wurin da ake so ya riƙa yi da asuba, da bayan ya ci, da kafin a kwanta, in ya yi a nan a ba shi ɗan abin tauna nan take. Inda ya ɓata a wanke har warin ya mutu, don hancinsa na maido shi wurin da ya taɓa yi. Kada a ɗaure shi yini guda a rana sannan a zarge shi.

Maganar Hajiya kuwa, ka ba ta haƙuri cikin ladabi, ka nuna mata ƙyamar da take ji za ta gushe in an raba shi da ɗakuna. Yar da shi a daji bai dace ba: karen da ya tashi a hannu bai iya neman abinci ba, ko yunwa ta kashe shi, ko ya shiga cikin karnukan bola ya dawo yana cizon yara da awakin mutane, alhakin kuma naka ne. In ka ga ba za ka iya ba, ka ba wani manomi ko makiyayi da ke buƙatarsa, kuma ka ba shi kyauta, don malamanmu sun saɓa kan kuɗin kare ko da na gadi ne.

Wallahu a'alam.